Dillaliyar da ta gyara mini gida ta kashe mini Alhamis

Kashi na tara

Kafin in ɗora daga inda na tsaya, bari in sallami wadda ta rubuto mini a ƙasan kashin makon jiya wai in ji kunya, tsohuwa da ni mai shekara sittin da takwas ina zancen namiji. Yarinya, ban san sunanki ba, amma ki bari gwiwoyinki su fara ƙara in kin tashi daga kujera, ranar sai ki zo mu zauna mu yi zancen kunya. Masu cewa in yi haƙuri kuma, na gode. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina haƙuri da mijina marigayi Vernon, shekara talatin ina haƙuri da injin guga a gidan wanki na nan Zanesville. Nawa ya ƙare, kuma ban ga kantin da ake sayar da wani ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Arlene Stuckey, kuma an cuce ni. Wadda ta cuce ni dillaliyar gidaje ce, sunanta Shelby Vance. Laifinta shi ne ta gyara mini gida. Ku yi dariyarku ku gama, kowa ma dariyar yake yi, sannan ku saurara.

Ni ban taɓa son sayar da gidana ba. A watan Janairu santsin ƙanƙara ya kwashe ni a bakin ƙofa, ban fasa komai ba sai kwalbar kokwamba mai tsami da na riƙo. Shi ke nan 'yata Rhonda da ke aure a Arizona ta samu abin faɗa. Wayata ta daina hutawa.

"Mama, benen nan ne zai zama ajalinki."

"Mama, na gyara miki ɗakin da ke jikin gareji, har da labule mai furanni."

"Mama, kin ga saƙona? Na ga alamar kin gani."

Arizona fa. Ƙasar da ko ciyawa ta ƙi zama. Da na yi kunnen uwar shegu da ita sai ta hau jirgi ta zo da kanta, ta shigo mini falo da Shelby a bayanta.

Duk garin nan an san fuskar Shelby, tana manne a jikin bencin jiran bas, mutane suna jingina da ita. Jar kwat, takalmi mai tsini, farar mota, haƙora talatin da biyu duk a waje kamar an shanya su. Ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, "Mis Arlene tawa, ki kwantar da hankalinki, daga yau damuwarki ta zama tawa." Da na sani, a ranar zan ce ta bar mini abata.

To me ya sa na sa hannu? Don ina da dabara. A nan ba mai biyan kuɗin gida sai ya turo mai duba gida ya leƙa ko'ina, daga rufi har ɗakin ƙasa, ya rubuta duk abin da ya gani. Masu saye su ɗauki rahoton su ce a gyara kaza da kaza. In mai gida ya ce ba zai gyara ba, su kama gabansu, ciniki ya mutu. Ni kuwa na san gidana kamar yunwar cikina. Na ce a raina bari a duba, a tsorata, a gudu, in ce wa Rhonda kin gani, na yi iya ƙoƙarina, Allah bai nufa ba. Ba faɗa, ba kuka a waya.

Abin da Rhonda ba ta sani ba shi ne Alhamis.

Merle Tackett shekararsa saba'in da ɗaya. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ya yi ritaya daga ma'aikatar gyaran jirgin ƙasa, a coci yana zama layi biyu a bayana. Tun sati na uku da binne Vernon, shekara shida ke nan, duk Alhamis ƙarfe goma na safe koriyar a-kori-kurarsa tana tsayawa a ƙofata. Ya fito da riga mai gida-gida ta sha guga, hula a kai, akwatin kayan aiki a hannu, ya ce, "Misis Stuckey, wucewa nake yi na ga kamar indararonki ya karkace." Layinmu kuwa ba ya ɓullewa ko'ina, daga gidana sai katanga. Ya yi ta ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa awa biyu ina riƙe masa tocila, ya wanke hannu, ya zauna a kicin ya ci yanka biyu na kek ɗin tuffa mai kirfa da baƙin kofi, ya goge gashin baki ya ce, "Ba laifi." Ya tafi. Shi ke nan.

Namijin garin nan mai irin shekarunsa, ko wuƙa aka ɗora masa a wuya ba zai ce yana son ki ba. Zai zo ne ya duba miki iskar taya. Mu matan ma ba mu fi su ba. In aka kwashe ni zuwa ɗakin jikin gareji, Alhamis ta mutu. Ita nake karewa, ba bulo da katako ba.

Cikin kwana tara Shelby ta samo masu saye, wasu yara mata da miji masu kare sanye da riga. Ranar duba gida aka kore ni daga gidana na awa uku, haka ake yi. Na zauna a mota a bakin layi da kofina ina leƙe. Wani siririn mutum ya zo da tsani da tocila, ya hau rufi, ya rarrafa ƙarƙashin baranda, ya fito da yanar gizo-gizo a ka yana girgiza kai. Duk girgiza ɗaya sai in kurɓi kofi in ce Allah ya ƙara.

Kashegari Shelby ta shigo da fuskar ta'aziyya, ta ajiye rahoton a teburin kicin. Shafi hamsin da takwas, hotuna da jajayen kibiyoyi, matsala arba'in da uku. Na cije leɓe don kada murna ta fito. Sai ta jingina wayarta da gwangwanin sukari, sai ga fuskar Rhonda a ciki tana kallona daga Arizona.

"Kada ki tsorata, Mis Arlene tawa," in ji Shelby. "Wannan ne aikina, nan ne nake cin abincina." Ta fito da alƙaluma uku. "Ja, dole ne, wuta da bututu da ƙarfen dafawa na bene, banki ba zai ba su bashi ba sai an yi. Rawaya, a nan ake ciniki, mu ɗan rage musu wani abu su yi da kansu ko mu yi musu. Kore, mu ce a'a, tsohon gida suka zo saye ba sabuwar mota ba."

Na ce, "In na ce ba zan gyara ko ɗaya ba fa?"

"Sai su tafi." Ta dafa hannuna. "Amma ba zan taɓa bari hakan ta same ki ba."

Rhonda ta ce daga cikin wayar, "Kin ji ko, Mama? Allah ya haɗa mu da ta ƙwarai."

Ku lura da kyau, ku da za ku zama alƙalaina. Ba ta tambaye ni ko ina so hakan ta same ni ba. Ni kuma ta yaya zan faɗa, ga 'yata ta zuba mini ido daga jikin gwangwanin sukari?

Na sake dabara. Na ce, "To ina da mai gyara. Wani ne ɗan cocinmu." Na lissafa a raina, arba'in da uku a hannun Merle, ai sai karen nan mai riga ya tsufa ya mutu ba a gama ba.

Shelby ta buɗe shafi na goma sha biyu. Wasu wayoyi ne a ɗakin ƙasa an naɗe su da baƙin tef kamar ƙafar da ta karye. "Shi ya yi wannan?"

"Shi ne."

Shafi na goma sha tara, bututun wanki an haɗa shi da guntun tiyon ban ruwa, an ɗaure da waya. "Wannan fa?"

"Shi ne."

Shafi na ashirin da bakwai, ƙyauren ɗakina an tokare shi da takardar waƙoƙin coci an ninke ta takwas.

Ita tana ganin ɓarna, ni ina ganin wani abu daban. Shafi na goma sha biyu Alhamis ɗin farko ce bayan Kirsimetin da na fara yi ni kaɗai, ranar har ƙarfe ɗaya ya kai. Shafi na goma sha tara ranar da ya zo da sabon aski ne, kunnuwansa a waje jajaye. Wannan siririn mutum ya yi zaton rahoto ya rubuta, bai san kundin hotunan shekara shida ya haɗa mini ba.

"Mis Arlene," in ji Shelby a hankali, "masu saye sun rubuta ƙarara, mai lasisi suke so, da rasit. Abokinki yana da lasisi?"

"Ba abokina ba ne. Wucewa yake yi."

"Akwai kuma wannan." Ta kai shafi na talatin da uku ta karanta mini, don na ce mata tabarauna yana bene. Wai duk notin da ke ƙarƙashin famfunan gidan yana ɗauke da sabon shatin haƙorin filaya, kamar wani yana yawan kwancewa ana ɗaurewa. Ta ɗago ta dube ni.

Na ce, "Ɓeraye ne."

"Ɓeraye masu filaya?"

"Unguwar nan ba irin ɓeran da babu."

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku zan gaya wa, tunda Rhonda ba ta karanta irin wannan shafi. Ni ce. Duk Laraba da yamma nakan durƙusa da filayar Vernon in ɗan juya noti ɗaya hagu, rabin juyi kawai, in kara kwano. Wani satin kicin, wani satin banɗaki, wani satin in sassauta ƙusar baranda. Mutum ba zai yi ta wucewa ta layin da ba ya ɓullewa a banza ba, dole a ajiye masa dalili. Wanda ya ga laifina ya fara jifa.

Da yamma saƙo ya shigo wayata, takarda mai ƙananan rubutu kamar ƙafar tururuwa da akwatuna masu ruwan ɗorawa. Ina shekara sha huɗu na bar makaranta na kama guga, irin wannan rubutu sai in kwana a layi ɗaya. Rhonda ta rubuto, "Mama danna akwatunan kawai, Shelby ta duba komai." Na danna. Ashe yardar a yi gyaran ce na sa wa hannu. Da yatsana na yanka kaina.

Ban taɓa ganin mace mai aiki kamar an aiko ta irin wannan ba. Kowane gyara sai da ta kira mutum uku suka faɗi farashi ta zaɓi ɗaya. Ta jera su a allon wayarta kamar jadawalin jirgi, mai wuta Litinin, mai rufi Talata, mai famfo Laraba da Alhamis. Ta rataya wani kwaɗo mai lamba a ƙofata da makullina a ciki, kowa ya zo ya buɗe ya shigo, da leda a takalminsa, yana ce mini "Sannu, Madam" kamar ni ce baƙuwar. Ta ja da masu saye har suka janye abu goma sha ɗaya, sannan ta ce waɗancan ɗin ma ƙanana ne, bari masu gyaran su ɗan taɓa su tunda suna nan, kyauta ce daga gare ta. Kyauta! Ina zaune a falo ina jin ana zare mini Alhamis ɗaya bayan ɗaya da injin sukuru.

Alhamis ƙarfe goma koriyar mota ta tsaya a bayan farar motar mai famfo. Na riga na gasa kek, na sa rigata shuɗiya mai fararen maɓallai. Merle ya tako da akwatinsa daidai lokacin da mai famfon ya fito baranda riƙe da guntun tiyon nan yana nuna wa Shelby, yana dariya har da riƙe ciki.

"Wane gwanin ne ya yi wannan? Ina so in rataye shi a shagona."

Merle ya tsaya cak. Shelby ta juyo da haƙoranta gaba ɗaya.

"Kai ne Mista Tackett! Na ji labarinka. Mun gode ƙwarai da ɗawainiyar da ka yi wa Mis Arlene, yanzu ka huta abinka, masu sana'ar sun karɓa."

Bai dube ta ba. Ya ɗaga kai sama. "Indararon?"

"Sabo ne," in ji ta.

"Famfon kicin?"

"Sabo fil. Shekara ashirin ba zai ɗiga ba."

"Ƙyauren sama?"

"Da ɗan yatsa ake tura shi."

Ya cire hularsa, ya duba cikinta kamar akwai amsa a ciki, ya mayar. Ya ce, "To, Misis Stuckey, na ga ba abin yi."

Ina tsaye a bakin ƙofa, ƙamshin kirfa yana fitowa ta bayana. Za ku ce me ya hana ni cewa ya shigo ya ci kek? Ba ku san mu ba. Shekara shida kek ɗin nan ladan aiki ne. Ba aiki, ba kek. In na ce ya shigo haka kawai, a gaban dillaliya da mai famfo, ai daidai yake da in tsaya a tsakiyar coci in ɗaga siket. Motar ta juya a jikin katanga ta tafi. Mai famfon ne ya ci yanka uku, ya ce kek ɗin ya fi na uwarsa, ban tambaye shi ba.

Ranar Juma'a na buga ofishin da ke karɓar koke a kan dillalai. Wata mai sanyin murya ta ɗauka.

"Me ta yi miki, Madam?"

"Ta gyara mini gida."

"Ba a yi aikin da kyau ba ne?"

"An yi shi da kyau ƙwarai, shi ne matsalar."

"Ta ɗora miki kuɗin da ba ki yarda da shi ba?"

"Ragewa ma ta yi."

Ina jin tana taɓa kwamfuta. Sai ta ce, "Madam, ko sashen yabo kike nema in haɗa ki?"

Na kashe wayar na sa takalmi na nufi ofishin Shelby da kaina. Na ce mata a fasa. Ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa a kwalba mai hotonta a jiki, ta ce duk mai sayar da gida yana jin haka a satin ƙarshe, har suna gare shi. Ta ce siririn mutumin ya dawo ya sake dubawa bai ga ko ƙura ba, masu saye sun sa hannu sun gamsu, yanzu in na janye sai kotu. Saura kwana goma sha huɗu a miƙa makulli. Na ce garin gyaran gira kin tsone mini ido. Ta ce wannan magana ta yi daɗi, za ta rubuta ta ajiye.

Laraba na durƙusa ƙarƙashin famfon kicin da filayata. Babu noti. Wata farar roba ce a dunƙule, ba inda haƙori zai kama. Na fita baranda na sassauta sukuru biyu na ƙarfen dafawa. Ban kai ga wanke hannu ba Shelby ta iso ban ruwan tukwanen furen da ta jera mini a ƙofa don ado, ta dafa ƙarfen, ya motsa, ta taɓa waya. Minti arba'in wani ya zo ya ɗaure, ya ba ta rasit. Ta ce, "Kin gani? Har ranar ƙarshe ina tare da ke." Ai na gani.

Jiya Alhamis. Goma ta yi, shiru. Goma da rabi, mai kai wasiƙu. Sha ɗaya saura kwata na tsinci kaina ina sauraren gidan, ko ɗigo ɗaya babu, ko ƙarar ƙyaure, kamar gidan wani. Saƙon Rhonda ya shigo: "Mama na sayi tikiti, Talata zan zo mu fara ɗaure kaya." Da hoton labulen.

Na hau bene. Na ciro rigata mai ruwan makuba da nake ajiyewa don bikin Ista, na maƙala 'yar tsuntsuwar azurfa a ƙirji, na nemo jan-bakin da rabona da shi tun bikin Rhonda, sai da na ɗuma shi da numfashi kafin ya yarda. Kek a kujerar gefe, rahoto a jaka. Filayar ma tana jakar tun Laraba, ban san na bar ta a ciki ba, ko na sani, oho.

Ban taɓa taka gidan Merle ba. Motar bazawara a ƙofar wanda matarsa ta mutu, kafin azahar matan coci sun raba labarin gida-gida. Jiya na faka a tsakiyar ƙofar, na ce su zo su ɗauki hoto.

Na tura ƙofar shinge, ba ta yi ko ƙis ba. Na taka matakala huɗu, ko ɗaya bai motsa ba. Ya buɗe da silifas a ƙafa, ba hula, ya ga riga mai ruwan makuba, ya ga kek, ya ja da baya kamar ya ga 'yan sanda.

"Misis Stuckey."

"Wucewa nake yi," na ce, na shige.

Jama'a, kicin ɗin mutumin nan. Durowoyin katako masu sheƙi, na ja ɗaya ta fito kamar man shanu, na sake ta ta koma da kanta. Taga na ɗaga da yatsa ɗaya. Famfo na buɗe na rufe, ya ɗauke ɗif. Na leƙa ƙarƙashi, bututun jan ƙarfe a jere, haɗinsu kamar an zana. Na miƙe na juyo gare shi.

"Merle Tackett, wa ya yi maka wannan aikin?"

Ya dubi silifas ɗinsa. "Ni."

"Kai? Da wane hannun? Da hannun da ya ɗaure mini bututu da tiyo?" Na fizgo rahoton na maka a tebur. "Shafi hamsin da takwas! An yi mini dariya a barandata! Shekara shida ina riƙe maka tocila ina jin tausayinka, ina cewa bawan Allah bai iya ba amma yana da zuciya, kada in karya masa gwiwa. Ashe kai ne ka iya! Wayoyin nan na ɗakin ƙasa fa? So kake ka ƙone ni ina barci?"

"Ba wuta a cikinsu," ya ce da sauri. "Na cire su daga tushe tun ranar farko. Ado ne. Gas kuwa ban taɓa yi miki wasa da shi ba, ki duba, ba ya cikin takardar."

Gaskiya ne, ba ya ciki. Hakan ya ƙara ba ni haushi.

Kunnuwansa sun yi ja kamar ranar sabon aski. Ya je ya jawo durowar ƙasa, doguwa. A ciki robobin famfo ne da noti da guntayen bututu da ƙarafan ƙyaure, duk sababbi a ledarsu, an jera su layi-layi kamar kanti.

"Na gaskiyar ke nan," ya ce. "Duk sati nakan saya da niyyar sakawa. In na shigo layinku sai in bar shi a mota." Ya yi gyaran murya. "In na saka, me zan zo yi wata Alhamis ɗin?"

"Sai ka buɗe baki kamar ɗan Adam!"

"Ke kin buɗe?" Karo na farko ya dube ni ido cikin ido. "Rabin juyi hagu. Filayar Vernon tana da haƙori ɗaya a karye, Misis Stuckey. Tun shekarar farko nake ganin shatinta."

Na nemi kujera na zauna. Ita ma ba ta yi ƙara ba, 'yar banza.

Agogon bangonsa yana tafiya daidai, har shi. Na ce gidan ya tafi, saura kwana takwas, kotu ce a gabana in na ce a'a. Ya ce ya sani, ya ga allon "an sayar" da Shelby ta kafa a ƙofata. Na ce Rhonda tana tafe Talata da tikiti. Ya gyaɗa kai. Ya dubi kek ɗin, ya kawar da ido, don bai yi aikin komai ba.

Can ya ce da bango, ba da ni ba, "Famfon nan shekara talatin bai taɓa ɗiga ba."

Na dube shi. Na dubi famfon. Na buɗe jaka.

Gwiwoyina suka yi ƙarar da yarinyar nan mai zancen kunya za ta sani wata rana. Na durƙusa da rigar Ista a kan tayil ɗinsa, na shigar da kai ƙarƙashi, na kama notin jan ƙarfen nan mai kyau. Ba rabin juyi na yi ba, biyu cur na yi. Ruwa ya fara sauka, ɗis, ɗis, a kan katakon da ya goge da hannunsa.

"Yanzu yana ɗiga," na ce.

Ya zo ya tsuguna kusa da ni, shi ma nasa gwiwoyin suka amsa. Ya daɗe yana kallon ɗigon kamar likita.

"Wannan babban aiki ne," ya ce. "Ba na yini ɗaya ba ne."

"Na kwana nawa ne?"

"Da irin hannuna? Shekaru." Ya ciro tocila daga durowa ya miƙo mini ba tare da ya juyo ba. "Kuma dole sai da mai riƙe wannan a gidan, safe da yamma. Haska nan, Arlene."

Arlene. Shekara shida.

Kokena yana nan, kada wani ya yi zaton na yafe. Gidana ya tafi, an ci mutuncin tiyo a barandata, kuma har yau ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Duk wanda ya san lambar wani ofishin da ba shi da sashen yabo ya ajiye mini a ƙasa. Don ko minti biyar ba mu yi a ƙarƙashin famfon nan ba wayata ta yi ƙara a kan tebur. Na miƙa hannu na jawo ta na danna ta karanta mini.

"Mis Arlene tawa! Motarki ce na gani a ƙofar Mista Tackett? Gidan nan ya daɗe yana burge ni, ki ɗan tambaye shi ko yana tunanin sayarwa. Rhonda ta kira tana neman ki, na ce kada ta damu, kina wurin Merle ɗinki."

Kafin in gama zaginta wani ya shigo.

"Mama. Waye Merle?"

Wani kuma. "Mama na ga alamar kin gani."

Sai wayar ta fara rawa a kan tayil, fuskar Rhonda tana haske a jiki. Merle ya dubi wayar, ya dube ni, ruwa yana ɗiga masa a hannun riga.

"Ba za ki ɗauka ba?"

Na ce, "Da wane hannun? Ina riƙe da tocila."